Ruwan da Ya Cika Jirgin Mai Moussa

Ranar Talata da hantsi aka tarar da jirgin Mai Moussa cike da ruwa.

Ƙaramin jirgi ne mai tafiya da iska, tsawonsa bai wuce taku goma ba, yana ɗaure a wata ƴar tasha a bakin kogin Saône, arewa da Lyon. Mai Moussa mutumin Ngigmi ne, ya saye shi a 2009, shekarar da ya bar aiki a Paris, ya ce ya gaji da kwana nesa da ruwa. Amma a shekara huɗu sau biyu kacal aka ga jirgin ya bar tasha. Wurin fada ya koma. Duk Lahadi bayan azahar dattawan Nijar na Lyon sukan hau, su zauna a kan benci biyu na baya inda babu rufi, a ɗora shayi, a yi ta gardamar siyasar gida har rana ta yi sanyi.

Da aka buɗe ɗakin ciki ran nan, ruwa ya kai gwiwa. A ƙarƙashin gado akwai akwatin da Mai Moussa ya tara rubutunsa na shekara talatin a kan masuntan tafkin Chadi, haɗe da wasiƙun ajami na marigayi mahaifinsa. Tawada ta narke, takardu sun manne da juna. Waɗanda suka ga tsohon a lokacin sun ce bai yi kuka ba, zama kawai ya yi a kan katakon tasha da akwatin a cinya har azahar.

Makanikin tasha ya zuƙe ruwan, ya sa ido kwana uku, ko ɗigo bai sake shiga ba. Sai ya ce, “Jirgin nan ba ya yoyo. Wani ne ya shiga ɗaki ya buɗe vanne, bakin da ke jawo wa inji ruwan kogi, da ya cika ya mayar ya rufe.”

Makullin ɗaki kuwa biyu aka sani. Ɗaya a hannun Mai Moussa, ɗaya a hannun Chaibou, wani ɗan Maraɗi da ya gama karatun injiniya yana neman aiki, shi ne mai kula da jirgin. Kuma kowa na fada ya shaida abin da ya faru Lahadin da ta wuce: Chaibou ya ɗaga murya a gaban manya, ya ce a daina hura gawayi a kan jirgin roba, za a ƙone shi wata rana. Mai Moussa ya ce masa ƙarshen wata ya kawo makulli.

Kafin Juma'a magana ta gama unguwar Guillotière. A ƙofar masallaci Chaibou ya miƙa hannu ga mutum uku, babu wanda ya karɓa. Mai Moussa ya rubuta takardar ƙara, ya ce ranar Litinin da safe zai kai ta komisariya, ofishin ƴan sanda.

*

Hamdiya tana durƙushe a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na wani tsohon gida a unguwar Goutte d'Or, kunnenta a jikin bango, wayarta ta yi ƙara. Aikinta ke nan a Paris, neman inda ruwa ke yoyo a gine-gine. Mahaifinta a Tanout mai bin sawu ne, wanda ake kira in an sace raƙumi, kuma ƴan uwa sukan tsokane ta cewa gado ta yi, sai dai nata ɓarawon ba shi da ƙafa.

Gwaggonta ce, Hajiya Fatsima, matar Mai Moussa. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

“Hamdiya, ki taho gobe. Babanki Mai Moussa zai kai ɗan mutane ƙara. Yaron nan saura mako uku ya je préfecture, ofishin gwamnati, sabunta takardar zamansa. In ya je da ƙara a kansa, sai dai mu ji an sa shi a jirgin Yamai.”

“Gwaggo, ni fa gidaje na sani, ban san jirgi ba.”

“Ruwa dai ba ruwa ba ne? Ki taho.”

Ta ajiye wayar. Ita bango ba ya ba ta tsoro. Dattawa ne ke ba ta tsoro, tun tana ƙarama in babba ya ɗaga mata gira sai harshenta ya ɗaure.

*

Asabar da safe ta sauka a Part-Dieu, tashar jirgin ƙasa ta Lyon, ta hau bas zuwa gidan gwaggonta a Rillieux-la-Pape. Ta tarar da falon gidan an shimfiɗe takardu ko'ina, a kan tebur, a kan kujeru, a kan abin ɗumama ɗaki, duk sun yi shuɗi-shuɗi sun kumbura. Mai Moussa yana tsakiyarsu da tabarau a goshi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa jaje. Ya amsa a taƙaice.

“Ni na kira ki?”

“A'a, Baba.”

“To me za ki gani da makaniki bai gani ba? Bafaranshe ne, shekararsa ashirin a tashar.”

“Wataƙila ba komi, Baba. Ka dai ba ni izini in duba.”

Ya ɗaga wata takarda da yatsa biyu, ya nuna mata. “Wannan mahaifina ya rubuto min ranar da na ci jarrabawar shiga lise, babbar sakandare. Karanta min ita, in kin iya.”

Babu abin karantawa. Ta sunkuyar da kai.

“Ki duba abin da kike so,” in ji shi. “Litinin ƙarfe tara ina komisariya. Makullina kuma ba ya barin aljihuna.”

A kicin Hajiya Fatsima ta jawo ta bayan ƙofa, ta kwance bakin zanenta, ta ɗora mata wani ƙaramin makulli a hannu.

Hamdiya ta kalli makullin, ta kalli gwaggonta. “An ce biyu ne.”

“Uku ne. Na sa an yanka min bara, bai sani ba. Mutum mai hawan jini ya je ya kulle kansa cikin kwalin ashana a kan ruwa, in ya faɗi wa zai buɗe?”

“Gwaggo, ke ce fa kullum kike cewa Allah ya nutsar da jirgin nan ki huta.”

“Na faɗa, kuma zan sake faɗa. Ke, kalle ni da kyau. Da gwiwoyin nan zan sauka tsani in murɗa ƙarfe? Tafi ki yi abin da ya kawo ki.”

Hamdiya ta fita da makullin a jaka, zuciyarta ba daɗi. Tun ba ta ga jirgin ba, masu makulli sun zama uku, kuma ɗayarsu ƙanwar ubanta ce.

*

Chaibou ta same shi a wani ɗan shagon shan kofi a Guillotière, ya zaɓi teburin ƙarshe, ya ba ƙofa baya. Dogo ne siriri, idanunsa sun faɗa.

“Wallahi, Malama, ban taɓa vanne ɗin nan ba. Ni na shafe jirgin da fenti da hannuna. Na yi wa Baba Mai Moussa rashin kunya, na yarda, amma in lalata wasiƙun ubansa?”

“Yaushe rabonka da jirgin?”

Ya juya cokali a cikin kofi har ta ƙagu.

“Chaibou, in ka ɓoye min, wani zai faɗa min.”

“Litinin,” ya ce a hankali. “Da la'asar, ana tsakiyar ruwan saman nan na kwana uku. Igiyoyi na je dubawa. Ban shiga ɗaki ba, je te jure, na rantse. Na leƙa wurin zama na baya, na ga ruwan sama bai taru ba, yana wucewa ta ramukan ƙasa yadda ya kamata, na juyo.”

“Ka faɗa wa Baba?”

“In ce masa ina wurin kwana ɗaya kafin a ga ruwan? Ai da na sa wa ƙarar hannu da kaina.” Ya goge fuska. “Uwata ta sayar da gonarta biyu kafin in zo nan. In aka mayar da ni da sunan mai ɓarna, da wane ido zan kalle ta?”

Hamdiya ta zaro alƙalami. Ta rubuta a ɗan littafinta: Litinin, ruwan sama, bai taru ba.

*

Shagon Alhaji Mamadu yana layi na biyu daga nan, ana sayar da gero da kuka da busasshiyar kuɓewa da katin waya. Alhaji ɗan Tahoua ne, aminin Mai Moussa tun zuwansa Lyon, ɗaya daga dattawan fada, mutum mai faɗin murya da faɗin ciki. Da ya ji ɗiyar wa ce sai ya ja mata kujera zuwa bayan kanta.

“Ɗiyar mai bin sawu! Zamna, zamna. Ba ki tahiya sai kin sha shayina. Duk Lyon babu mai dahwa shi kamata, tambayi kowa.”

Ya jawo ɗan kwandon kayan shayinsa, ya warware ƴan kofunan gilashi daga cikin wani tsohon ƙyallen turkuɗi, baƙi mai sheƙi, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Bakin yatsunsa duk sun rine.

“Ragowar rawanin babana ne,” in ji shi da ya ga tana kallo. “Shekara arba'in, har yau shina zuba. Na yanzu kuwa wanki guda sun zama tsumma.”

“Baba Alhaji, me ya sa kake ganin Chaibou ne?”

“Mi ya sa? Wa ya yi hwaɗa da mai jirgi? Wa ke da makulli? Kuma mai gadin tasha ya gan shi ran Litinin cikin ruwa, ni na je na tambaye shi da kaina. Ƴaƴan yanzu, an yi boko kaɗan sai a ɗaga ma manya murya. Ni na ce ma Mai Moussa, kai shi ƙara, ya zama darasi.”

“Kai ba ka taɓa ganin wani abu ya lalace a jirgin ba? Ko ɗan yoyo?”

Shayin da yake zubawa daga sama ya kauce wa kofi, ya zuba a faranti. Ya yi tsaki, ya goge.

“Ni mi na sani game da jirgi? Zama nike in sha shayi in tahi gida. Sha, ɗiyata, kar ya huce.”

Ta sha na farko, ta roƙi afuwar na biyu da na uku. A hanya ta tsaya kantin magani ta sayi manyan gwangwanayen hodar jarirai guda huɗu.

*

Jirgin yana can ƙarshen katako, fari, a bushe, kamar bai taɓa yin laifi ba. Ta buɗe ɗakin da makullin Gwaggo. Warin danshi ya buge ta. Ta fara da vanne ɗin: hannunsa ya yi tsatsa, ta kama da hannu biyu bai motsa ba. Tsatsar kuma babu ko ƙwarzane a jikinta. Wanda ya murɗa wannan kwana biyar da suka wuce dole ya bar alama. Babu wanda ya murɗa shi.

To ta ina ruwan ya shigo, kuma me ya sa ya daina?

Ta tuna yadda mahaifinta yake yi in ɓarawo ya addabi garke. Ba ya kwana gadi. Da yamma yakan share rairayin da ke kewaye da garken da reshen ƙaya har ya yi sumul, da safe ya zo ya karanta. Ta ɗaga allunan daɓen ɗakin, ta goge ko'ina da tsumma har ya bushe ƙayau, sannan ta barbaɗa hoda: ƙarƙashin gadaje, gindin tagogi, bayan inji, duk inda hannunta ya kai. Cikin jirgin ya koma fari fat.

Ta aro tiyon ruwa wurin mai gadin tasha. Ta fara da gaba, ta jiƙa minti biyar, ta sauka ta duba. Ba komi. Ta jiƙa gindin sandar da ke riƙe ƙyallen iska. Ba komi. Ta jiƙa tagar hagu, sai ga wani siririn layi ya tsaga hodar. Ta yi murna, amma da ta tara kofi ta ƙirga, ɗigo ɗaya ne a minti. Wannan ko wata guda aka yi ana ruwa ba zai cika bokiti ba. Ta yi masa alama don a gyara, ta wuce.

Rana ta fara sunkuyawa, saura wuri ɗaya. Ta saki tiyon a daɓen wurin zama na baya, inda ake fada. A kusurwa akwai ƴan ramuka biyu da ke kwashe ruwan sama su fitar da shi ta gefen jirgi zuwa kogi. Ruwan ya bi ramukan ya wuce salin-alin. Ta kwanta a kan katako ta leƙa gefen jirgin, inda ya kamata ya fito.

Bakin a bushe yake.

Ta ruga ɗaki. Daga bayan inji wani faffaɗan sawu ya ratso hodar, yana gangarowa da sauri. Ta haska tocila. Gefen sawun, inda hodar ta sha ruwa, ba fari ba ne. Shuɗi ne.

Ta bi shi da rarrafe har bango ya tare ta, ta fito waje, ta ɗaga murfin bencin hagu. Rumbun ajiya ne, babu kwaɗo a jikinsa, kowa na iya buɗewa. Ta fitar da igiyoyi da murhun gawayi, ta zura kai da kafaɗu. Can ƙurya ga tiyon da ramukan biyu ke haɗuwa a cikinsa. An naɗe shi da guntun ƙyalle, an ƙulle, ruwa na tsartowa ta ƙarƙashin ƙullin. Ta matsa tiyon ƙasa da wurin, ta ji shi tauri kamar an ɗura masa siminti. Da ta kwance bakinsa, abin da ya zubo mata a hannu baƙi ne, mai danƙo, mai ƙamshin na'ana'a.

Ganyen shayi ne.

Tana zaune a kan bencin ta kira Chaibou.

“Wa ke dafa shayi a fada?”

“Ni mana. Ni ne ƙarami.”

Ta rufe ido. “Ina kake zubar da ganyen?”

“A leda nake ƙullewa in kai shara. Ai ba a zuba komi a ramukan nan, toshewa suke yi. Lafiya?”

“Ko Lahadi ɗaya ba ka taɓa fashi ba?”

“Sau uku a watan Maris, lokacin da na je gwajin aiki a Grenoble. Me kika gani?”

“Gobe ka zo tasha bayan azahar.”

“An hana ni zuwa.”

“Ka zo,” in ji ta, ta kashe wayar.

*

Lahadi bayan azahar suka taru. Mai Moussa ya zo da takardar ƙarar a aljihun rigarsa, kanta ya leƙo waje. Hajiya Fatsima ta ƙi hawa, aka ajiye mata kujera a kan katako. Ga Malam Sa'idu, malamin jami'a mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa fashin fada ba. Alhaji Mamadu ya iso da kwandon shayinsa a hannu yadda ya saba. Chaibou ya tsaya daga nesa, hannu a baya.

“Wa ya kira wannan?” in ji Alhaji.

“Ni ce, Baba Alhaji.” Hamdiya ta matso gaba. Tun jiya ta mayar da bakin tiyon rumbu yadda ta same shi, ta kuma sake shimfiɗa hoda tun safe. “Baba, ina roƙon ka sauka ɗaki ka tsaya kusa da inji. Malam Sa'idu, ka leƙa gefen jirgi, wurin ɗan bakin nan.”

Ta saki ruwa a daɓe. Ba a jin komi sai ƙarar tiyo.

“Nan babu abin da ke fitowa,” in ji Malam Sa'idu.

Daga cikin ɗaki muryar Mai Moussa ta taso. “Innalillahi. Ga shi nan yana shigowa.”

Ya hauro yana haki. Ta buɗe rumbun, ta nuna masa, ta yi bayani idonta a ƙasa. Tiyon ya toshe da ganyen shayi. Wani ya ga ruwa ya ƙi wucewa, ya zura ƙarfe ta ramin don ya buɗe, ƙarfen ya huda tiyon sama da toshiyar. Ya buɗe rumbu ya ga abin da ya yi, ya ɗaure hudar. In babu ruwan sama jirgi lafiya lau, shi ya sa makaniki bai ga komi ba. Da aka yi kwana uku ana ruwa, duk abin da ya sauka a nan baya cikin ɗaki ya tafi.

“Babu wanda ya buɗe vanne, Baba. Kuma wannan aikin ba ya bukatar makulli.”

“To ai shi ke nan!” Alhaji ya tafa hannu. “Wa ke dahwa shayi? Ga shi can tsaye. Ko da gangan ko da ganganci, shi ne dai.”

“Chaibou a leda yake ƙulle ganye,” in ji Malam Sa'idu a hankali. “Har dariya muke yi masa. Ya yi tafiya Lahadi uku a Maris.” Ya tsaya nan, bai ƙara ba, ya cire tabarau yana gogewa.

“Wa ya dafa a lokacin?” Mai Moussa ya tambaya.

“Kowa na iya zuwa nan ran da ba Lahadi ba,” in ji Alhaji. “Rumbu ba kwaɗo, ita da bakinta ta hwaɗi.”

Hamdiya ta zura hannu cikin rumbun, ta kwance ƙullin, ta fito da ƙyallen. Ta shimfiɗa shi a kan farin bencin. Tsawon kamu ɗaya, baƙi, jiƙe, kuma nan take shuɗin ruwa ya fara malala daga jikinsa. Yatsunta sun rine.

Ta dubi Alhaji Mamadu. Mutumin nan jiya ya kira ta ɗiyarsa, ya ba ta shayi. Ta ɗaga kai ta hango Chaibou can ƙarshen katako, shi kaɗai.

“Baba Alhaji,” ta ce, muryar ta fito siririya, “ka ara min ƙyallen kofunanka.”

“Ke! Ni za ki tuhuma? Ni kaɗai ke da turkuɗi a Faransa?”

“Mamadu,” in ji Mai Moussa, “ba ta.”

Alhaji bai motsa ba. Mai Moussa ya sunkuya da kansa, ya ɗauko kwandon, ya zazzage kofunan a kan benci, ya warware ƙyallen. Gefe ɗaya a yage yake. Ya ɗora shi kusa da jiƙaƙƙen. Yagar ta bi yaga, har inda zaren ya karkace ta karkace tare da shi.

Daga kan katako Hajiya Fatsima ta ce, “La ilaha illallahu,” ta rufe baki da gyale.

Alhaji Mamadu ya zauna, bencin ya yi ƙara.

“Mu a gida ƙasa muke zuba ganye,” ya ce, muryar ta ƙanƙance. “Na ga rami, na ce magudana ce. Lahadin ƙarshe da yaron bai nan, kun sauka salla, na ga ruwan wanke kofi ya tsaya. Na ɗauki tsinken tsire na ƙarhe na soka. Na ɗaure, na ce gobe in kawo mai gyara. Goben ba ta zo ba. Ran Talata da na ga akwatinka a cinyarka, Moussa, sai na kasa. Da makaniki ya ce wani ne ya buɗe, na ji kamar an sauke min dutse. Sunan yaron ya hito daga bakina, ban san sa'ad da ya hito ba. Bayan nan kuma babu hanyar komowa.”

“Takardun ƙaddara ce, da ka faɗa min da na haƙura,” in ji Mai Moussa. “Amma kai ka zaunar da ni ka ce in rubuta ƙara. Kai ka gyara min Faransancin.”

Ya zaro takardar daga aljihu, ya kira Chaibou. Chaibou ya tako a hankali har bakin jirgi. Tsohon ya miƙa masa ita da hannu biyu.

“Karɓi, ka yi yadda kake so da ita. Na zalunce ka. Ka yafe min.”

Chaibou ya karɓa, ya ninke, ya sa a aljihu. Idanunsa sun cika, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

“Na yafe, Baba. Sai dai ba komisariya kaɗai ba ce. Jiya mai ɗakin da nake haya ya ce in nemi wani wuri. Har Maraɗi an kira ƙanen uwata an faɗa masa. Mu shida ne a nan. Sauran fa?”

Mai Moussa ya juya ya dubi amininsa. “Mutum nawa ka faɗa wa?”

“Ban ƙirga ba.”

“Wayarka ta ƙirga. Fito da ita.”

“Moussa, a gaban yara? Bari in koma gida tukuna...”

“Nan. Yanzu. Ka fara da liman.”

Hamdiya ta ɗauko sabon tiyon da ta sayo da safe, ta miƙa wa Chaibou sukurdireba, suka durƙusa bakin rumbu, shi yana riƙe tocila ita tana kwance tsohon. Ba su kalli baya ba. Suna jin Alhaji yana danna lambobi, suna jin wayar na ƙara, aka ɗauka.

“Salamu alaikum, Malam Liman. Ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali? Ya sanyi? Lahiya lau, alhamdulillahi. Ya jama'a?”

Ya ja gaisuwar iya yadda za ta jawu, har ta ƙare. Hannun Chaibou ya tsaya cik a kan tocila.

“Malam, maganar yaron nan Chaibou da na kawo maka,” in ji Alhaji Mamadu. “Ba shi ba ne. Ni ne.”